Tambaya da Amsa: Yini Ɗaya a Baje Kolin Kayan Kiɗa, Me Malama Za Ta Ɗauko wa Ajinta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Zariya, kuma shekara tara ke nan ina koyar da darasin al'adu da fasahar ƙirƙira daga aji huɗu zuwa aji shida. A halin yanzu ina birnin Los Anjelas na ƙasar Amurka, inda nake halartar wani kwas na wata uku na ƙara wa malamai sani. Wata abokiyar karatuna ta ba ni labarin baje kolin kayan kiɗa na NAMM da ake yi a garin Anahaim a watan Janairu, ta ce malaman makaranta sukan je domin su samo dabarun koyarwa, kuma ta yi mini tayin mu tafi tare. Yini ɗaya tak zan iya samu, in tafi da safe in dawo da dare. Abin da ya sa nake jan ƙafa shi ne halin ajin da zan koma: yara saba'in da 'yan kai, babu lantarki, kuma duk kayan kiɗan makarantarmu ganga biyu ce da ake bugawa a taron safe. Ina tsoron kada in je in ƙare da kallon abin da ba zan taɓa iya saya ba, in dawo da ɓacin rai. Shin zuwan zai amfane ni? Idan zai amfane ni, yaya zan tsara yinin, kuma me ya kamata in saya da ɗan guzurin da ya rage mini?

Wata malamar firamare, daga Los Anjelas

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya ba da sa'ar karatu, ya kuma dawo da ke gida lafiya. Shawarata ita ce ki je, domin dama irin wannan ba kullum take samuwa ba, amma ki san irin wurin da za ki shiga tun kafin ki bar masauki. NAMM ƙungiya ce ta masu ƙerawa da masu sayar da kayan kiɗa, an kafa ta a 1901, kuma baje kolinta na Anahaim yana cikin mafiya girma a duniya: a 2020 mutum sama da 115,000 suka yi rajista, kamfanoni fiye da 2,000 suka kafa rumfuna. Tun da na birnin Farankfot na Jamus ya tsaya bayan zamansa na 2019, sai na Shanghai a ƙasar Sin ne ake jera shi da wannan. Taro ne na 'yan sari da dillalai, an shirya shi domin mai kamfani ya haɗu da mai kanti su ƙulla ciniki, saboda haka ba a sayen tikiti a bakin ƙofa kamar yadda ake yi a baje kolin Kaduna. Sai an yi rajista tun da wuri an karɓi katin shiga mai ɗauke da sunan mutum, kuma ana duba shi tare da katin shaida. Gidauniyar ƙungiyar tana shirya zama na musamman domin malaman makaranta a cikin kwanakin taron, kuma ta wannan ƙofa ya kamata ki nemi shiga. Ki duba jadawalin da kyau, ki zaɓi ranar da zaman malamai ya fi yawa a cikinta, ko da ba ita ce ranar da ta fi yi wa abokiyar tafiyarki daɗi ba.

Tsoron da kika ambata yana da tushe, kuma maganinsa shi ne ki shiga da tambaya ɗaya a zuciyarki, ki riƙa maimaita ta a gaban kowace rumfa: wannan abin me yake koya wa yaro, kuma mene ne a Zariya zai koyar da shi ba tare da kuɗi mai yawa ba? Wanda ya shiga da niyyar kallon kaya zai fito da jakar takardun talla da ciwon ƙafa. Ke kuwa dabara kika je nema, ita kuma ba ta da nauyi a jirgi, kwastan ba ta karɓar haraji a kanta.

Ki ba zaman malamai safiyarki gaba ɗaya, lokacin da hankalinki yake a tattare. Sunaye biyu za ki ji suna yawo a bakin masu gabatarwa, kuma yana da kyau ki san su tun daga nan. Na farko shi ne Carl Orff, Bajamushe, wanda shi da abokiyar aikinsa Gunild Keetman suka tsara wata hanyar koyar da yara da ta faro a wata makaranta a birnin Munik a 1924, daga baya suka wallafa ta cikin littattafai biyar tsakanin 1950 da 1954. Tushen hanyar shi ne a fara da abin da yaro ya zo da shi daga gida, wato magana da tafi da buga cinya da dira ƙafa, sannan a bi da waƙa, kayan kiɗa kuma su zo daga ƙarshe. Na biyu shi ne Zoltán Kodály na ƙasar Hangari, wanda ya tsaya a kan cewa murya ita ce abin kiɗan farko, kuma waƙoƙin gargajiya na harshen uwa su ne littafin farko, ana nuna hawa da saukar sauti da alamun hannu waɗanda aka aro daga John Curwen na Ingila. Ki lura da cewa babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu da take neman lantarki. Idan kika ga mai gabatarwa ya tayar da malamai tsaye sun yi da'ira suna tafi suna amsa masa, kada ki koma gefe kina rubutu. Ki shiga cikinsu, domin abin da jikinki ya yi ya fi zama fiye da abin da alƙalami ya kwafa. Za ki kuma gane, ina da yaƙini, cewa kin san wannan tsari tun kina yarinya: zabiya ta bayar, 'yan amshi su karɓa, tafi yana riƙe da kari, kamar yadda ake yi a gaɗa. Abin da za ki ƙaru da shi shi ne jerantawa, wato wane mataki ake farawa da shi, yaushe ake raba aji gida biyu, da wace alama ake tsayar da kowa cikin daƙiƙa ɗaya ba tare da ɗaga murya ba. Ga mai yara saba'in, wannan alama ta tsayarwa kaɗai ta isa ta biya kuɗin motar zuwa Anahaim. Idan an ba da damar tambaya, ki faɗi yawan yaranki a fili, ki nemi mai gabatarwar ya nuna yadda zai yi darasin da ya koyar da adadi irin wannan.

Bayan azahar sai ki shiga zauren rumfuna, da taswira a hannu da rumfuna biyar ko shida da kika yi wa alama tun da dare. Ki fara da masu kayan kiɗan makarantun yara. A can za ki ga wasu jerin katakai da aka ɗora a kan akwati ana buga su da sanduna masu kan roba, waɗanda kamfanoni irin su Studio 49 da Sonor suke ƙerawa bisa tsarin Orff, kuma shi kansa Orff ya ce wani abin kiɗa na katako na Afirka da aka aiko masa yana cikin abin da ya ba shi haske. Ki ɗaga katako ɗaya ki ga yadda yake cirewa cikin sauƙi. Hikimar ita ce malami ya cire sautukan da ba ya so, ya bar biyar kawai, ta yadda duk inda yaro ya buga ba zai yi karo da na ɗan'uwansa ba. Kayan suna da tsada, amma hikimar kyauta ce, kuma da yawa daga waƙoƙin yaranmu a kan sauti biyar ɗin nan suke tafiya.

Inda nake so ki fi daɗewa shi ne wurin wasu bututun roba masu launi-launi da ake kira Boomwhackers, waɗanda wani Ba'amurke mai suna Craig Ramsell ya fitar a 1995. Ki ɗauki ɗaya ki buga a cinyarki. Za ki ji wani amo mai taushi, kuma idan kika ɗauki wanda ya fi shi gajarta kika buga, za ki ji sautin ya hau. Malama, wannan shantu ne. Iyayenmu mata sun daɗe suna buga dogon duma a cinya suna toshe bakinsa da tafin hannu domin amon ya sauya, kuma ƙa'idar da take aiki a cikin shantu ita ce take aiki a cikin wannan roba: iskar da take cikin bututu ita ce take kaɗawa, dogon bututu yana ba da sauti na ƙasa, gajere yana ba da na sama. Idan aka yanke tsawon gida biyu, sautin yakan koma irin na farko amma a sama, kamar muryar yaro a kan ta babba, idan kuma aka toshe ɗaya daga cikin bakunansa biyu sai ya sauka da misalin wannan tazara. Ki nemi mai rumfar ya nuna miki murfin da suke sawa, ki saurari bambancin da kunnenki. Da kin dawo gida, bututun roba na masu aikin famfo zai yi miki wannan aiki. Ki sa a yanka miki a tsawon santimita 60 da 53 da 48 da 40 da 36, za ki sami sauti biyar masu jituwa, sai ɗan gyara kaɗan da za a yi da zarto ana saurare. Da yake robar famfo ta fi tasu tauri, kada yara su buga ta a jikinsu. A riƙe bututun da hannun hagu a riƙa marin bakinsa da tsohon silifa. Na ga an yi haka a wani aji biyar, inda malamin ya shafa wa kowane tsawo fenti daban, ya raba yara layi biyar, ya tsaya a gaba yana nuna launi da sanda. Da farko hayaniya ce zalla, wani yaro ma ya sa bakinsa yana busawa. Kafin a kaɗa ƙararrawa, sai ga wata waƙar gaɗa da dukansu suka sani tana fitowa daga layukan, kowane layi yana jiran sautinsa ya zo, wata yarinya a layin baya tana motsa leɓe tana ƙirga bugu har nata ya iso. A darasi ɗaya sun taɓa kiɗa da awo da kimiyyar sauti, sun kuma koyi jiran juna.

Daga nan ki wuce wurin masu ganguna. Kamfanin Remo, wanda Remo Belli ya kafa a 1957 a jihar Kalifoniya, shi ya yi suna wajen maye fatar dabba da wata leda mai ƙarfi wadda damina ba ta sa ta saki, kuma yana da ganguna na musamman domin aji. Akwai ma wata manhajar koyarwa da wani malamin jami'a mai suna Will Schmid ya tsara, wadda makarantun Amurka da yawa suke bi, an gina ta a kan kiɗan Gana da na tsibiran Karibiyan. Za ki ga gangar jembe ta ƙasashen Mali da Gini, da akwatin katako da ake zama a kai ana bugawa, wanda bayin da aka kai ƙasar Peru daga Afirka suka ƙirƙiro, da kalimba, wani ɗan allo mai ƙarafa da ake kaɗawa da manyan yatsu, wadda Hugh Tracey ya fara sayarwa daga Afirka ta Kudu bayan ya ɗauko samfurinta daga kayan kiɗan mutanen yankin, da banjo, wani abin kiɗa mai tsarkiya wanda asalinsa yake komawa ga dangin molo da gurmi na Afirka ta Yamma. Na jero miki waɗannan ne domin kada ki shiga wurin kina jin kin zo hannu rabbana. Akwatin nan na Peru kowane kafinta a Sabon Gari zai haɗa miki shi da falanki idan kika kawo masa hoto da awo, saboda haka ki tafi da tef ɗin tela a jakarki, ki auna tsawo da faɗi da girman ramin da yake baya, bayan kin nemi izinin mai rumfa.

Idan kika ci karo da ganga mai siririn tsakiya irin ta Yarabawa ko ta mutanen Gana, ki tsaya ki matsa ta a hammata, domin ƙanwar kalangu ce, kuma a cikinta akwai darasin da babu malamin Amurka da zai iya koyarwa kamar ke. Idan aka matse tsarkiya fata takan ɗaure sauti ya hau, idan aka sassauta ya sauka, kuma da wannan hawa da sauka kalangu yake magana, saboda Hausa harshe ne mai karin sauti. Wuya na jiki yana farawa sama ya sauka, wuya ta wahala tana farawa ƙasa ta hau. Kuka na hawaye a sama yake tafiya gaba ɗaya, kuka ta miya kuwa tana sauka a ƙarshe. Ki buga ɗaya a kalangu ki ce yara su faɗi wace kalma ce. Malamin Hausa na makarantarku zai gode miki, domin abin da yake fama ya bayyana da alli a allo kunne zai kama shi nan take.

Ɓangaren na'urori shi ne mafi faɗi da ƙyalli, kuma shi ne zan ce ki ratsa da sauri. Yana da tarihinsa: a wannan baje kolin ne a watan Janairun 1983 aka fara haɗa na'urorin kiɗa biyu na kamfanoni daban-daban, Sequential Circuits da Roland, suka yi aiki tare ta hanyar tsarin MIDI da na'urorin kiɗa suke aika wa juna saƙo da shi, wanda har yau shi ne ginshiƙin aikin situdiyo, har da na masu haɗa waƙa a Kano da Kaduna. Amma manhajojin koyarwa da za a tallata miki galibinsu suna buƙatar kwamfuta ga kowane yaro da intanet mai ƙarfi da biyan kuɗi duk shekara. Tambaya biyu sun isa ki tace su: yana aiki babu intanet, kuma yana aiki a wayar Android guda ɗaya? Ki riƙe sunan MuseScore na rubuta kiɗa da Audacity na naɗar murya da gyara ta, dukansu kyauta ne, kuma da zarar an sauke su a kwamfuta ba sa neman intanet.

Ki kula da kunnenki. Ɗaruruwan mutane suna gwada ganguna da jita a lokaci guda, har masu shirya taron sukan sa ma'aikata su zagaya da na'urar auna ƙara. Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta ƙayyade cewa ƙarar da ta kai 85 a ma'aunin ƙara na desibel kada a zauna cikinta fiye da awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi, har a kan 100 ya koma minti 15. Ki sayi abin toshe kunne na soso a kantin magani kafin ki tafi, kuma ki tuna da wannan lissafi ranar da za ki raba wa yara saba'in abin bugawa a aji mai rufin kwano. Irin wannan darasi gindin bishiya ya fi dacewa da shi. Ki sa takalmi marar tsini, ki ɗauki gorar ruwa da ƙaramar darduma, ki tambayi ma'aikata wurin da ba hayaniya domin salla. Idan lokaci ya ba ku dama kafin ku juya, unguwar Larabawa da take kan titin Brookhurst a cikin Anahaim tana da gidajen abinci na halal.

Batun saye kuwa, ki riƙe guzurinki da kyau. Yawancin rumfunan ba sa sayar da kaya ɗai-ɗai, samfuri suke nunawa, kuma wannan alheri ne a gare ki. Na taɓa kai ziyarar duba malamai wata makaranta, hedimasta ya buɗe mini sito ya nuna mini fiyano na lantarki guda shida da wani mai son alheri ya aiko daga waje. Suna nan cikin kwalayensu, gara ta cinye gindin kwali biyu, ƙura ta rufe sauran. An jona ɗaya ranar da suka iso ya yi hayaƙi, saboda wutar Amurka bolt 120 ce tamu kuwa 230, tun daga ranar babu wanda ya sake taɓa su, yaran makarantar kuma ba su ma san da su ba. Har yau idan na tuna sai raina ya sosu, domin kuɗin da aka kashe a kansu ya isa a sama wa kowane aji kalangu da ƙwarya da bututu. Idan za ki kashe kuɗi, ki kashe a kanti bayan taron, a kan abu uku marasa nauyi: littafin jagorar malami guda ɗaya na hanyar Orff ko ta Kodály, ƙaramar sifika mai caji wadda za ta kai muryar waya ƙarshen aji, da saiti ɗaya na bututun nan guda takwas domin ya zama ma'aunin da za ki daidaita naki da shi. Ki karɓi katin adireshin masu gabatarwar da suka burge ki, domin da yawansu sukan aiko da takardun darasi ta imel ga wanda ya nema.

A daren ranar, komai gajiya, kada ki kwanta sai kin rubuta darasi uku cikakku a littafinki, kowanne da kayan da yake buƙata da inda za a same su a Zariya da yadda za a raba yara, domin abin da aka bari sai gobe yakan narke ya zama labarin tafiya kawai. Da kin koma, ki fara zama da hedimasta kafin ki shiga aji da komai. Kin fi ni sanin cewa akwai iyayen da ba sa sakin jiki da kiɗa a makaranta, kuma damuwarsu ta cancanci a saurare ta da mutunci. Ki nuna masa inda darasin yake a manhajar da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, wato NERDC, ta tsara, ki fara da tafi da murya da awon bututu da karin sautin Hausa, ki zaɓi waƙoƙi masu tarbiyya, ki kuma gayyaci shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai su zauna a bayan aji su ga abin da ake yi da idonsu.

Akwai kuma ziyara ta biyu da nake so ki shirya, wadda kuɗin Keke Napep ya isa. A daren Juma'a makaɗan fada sukan hallara a ƙofar gidan Sarkin Zazzau da tambura da kakaki da algaita, kuma a cikin birni akwai masu sassaƙa kango da masu ɗaura fata waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Ki je musu da tef ɗin telan nan da littafin da kika cika a Anahaim, ki yi musu irin tambayoyin da kika yi wa masu rumfuna: wane ice ake sassaƙawa, fatar wace dabba ake ɗaurawa, me ya sa ake liƙa ɗanƙon da ake kira nake a tsakiyar wata fatar, yaya ake fara koya wa yaro riƙe makaɗi. Ki roƙi ɗaya daga cikinsu ya zo ajinki na rabin awa da kalangunsa, ki tanadar masa ɗan abin goro, ki sa yara su rubuta tambayoyinsu tun ana gobe zai zo.